Amsa ga 'yar'uwar da sikeli ya tayar wa hankali

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin rage tuwo da shinkafa, nauyi yana sauka lafiya lau, sai ranar Asabar kika yi tsallen igiya da hawan matakala har kika jiƙe sharkaf. Kika hau sikeli kika ga kilo 1 ya tafi, amma ranar Litinin sai ga kilo 2 sun hau. Kina tambaya ko motsa jikin ne bai karɓe ki ba.

Kwantar da hankalinki, ruwa ne, ba kitse ba. Kafin kilo 1 na kitse ya taru, sai mutum ya ci rarar kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 7,700 a kan abin da jikinsa ke buƙata. Mace baliga kuwa kalori wajen 2,000 ke isarta a yini. Kenan kafin ki tara kitse kilo 2 cikin kwana biyu, sai kin haɗa abincin mako guda kin ɗora a kan wanda kika saba ci. Ke da kike auna loma, ta ina?

Kilon da ya ɓace ranar Asabar ma zufa ce. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, kina kurɓar ruwa ta dawo abinta.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne tsamin jiki. Ni duk sanda na daɗe ban yi ba na koma tsugunne-tashi, kashegari ko zaman tahiya da ƙyar nake yi, cinyoyi sun yi tauri, siket ya ɗame ni, sikeli kuma ya haura. Dalili, aiki mai tsanani yana yi wa tsoka 'yan ƙananan tsage-tsage da ido ba ya gani, sai jiki ya tura ruwa wurin don ya yi gyara. Tsamin yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, daidai da Litinin ɗinki. Yana lafawa, za ki ga fitsari ya yawaita, nauyin ya sauka da kansa.

Sannan akwai sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, wanda ake kira glaikojin. Kowane giram ɗinsa yana riƙe ruwa wajen giram 3. Da kika rage tuwo, ajiyar ta ragu, ruwanta ya bi ta, shi ya sa makon farko mutum ke ganin kamar ya yi tsafi. To idan bayan wahalar nan yunwa ta sa kin ci malmala ɗaya ko farantin taliya, ajiyar za ta cika, ruwan ya dawo. Ƙara da miyar da ta ji magi da gishiri, ko tsire da yaji. In kuma al'adarki ta matso, wannan ma kaɗai kan ɗora kilo 1 ko fiye.

Ni shawarata, ki daina hawa sikeli bayan motsa jiki, ba abin da zai gaya miki sai ƙarya. Ki hau da safe, bayan kin fito bayi, kafin ki sa komai a baki, a kan daɓe mai tauri ba kafet ba. Ki rubuta, ki kwatanta matsakaicin wannan makon da na wancan. Ki samu tef ɗin tela ki riƙa auna ƙugu daidai cibiya, ni na fi yarda da shi. Kuma don Allah kar ki ƙara matse abinci ko ki rage shan ruwa don huce haushi, jiri kawai za ki jawo wa kanki, balle a zafin nan.

Amma fa idan kika ga fitsarinki ya yi duhu kamar baƙin shayi, ga ciwon tsoka mai tsanani da kasala, ki tafi asibiti a ranar, domin tsoka kan lalace har ta taɓa ƙoda. Haka in ƙafafu sun kumbura, kin danna yatsa wurin ya lotsa, ko numfashi yana yi miki wuya in kin kwanta. Duk waɗannan ba tsamin jiki na motsa jiki ba ne, likita ya duba ki.