Kowa a layinmu yana yi: in bi su ko in rufe shago?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, na gama karatu ban samu aiki ba, sai kawuna ya ba ni jari na kama shagon hatsi a ɗaya daga cikin kasuwannin Zariya. Ina saro masara da wake da dawa daga Giwa da ƙauyukan Soba. Abin da ke damuna shi ne wasu 'yan layinmu mudu biyu gare su, na saye daban na sayarwa daban. Suna zuba mai kyau a bakin buhu, suna yayyafa wa wake fiya-fiya, suna kuma tara kaya sai ya yi tsada. In na ƙi bin su, farashina ya fi nasu, masu saye su wuce ni. Ga kuma wata makarantar kwana da ke son in riƙa kai mata abinci, amma mai kula da sito ya ce sai dai in rubuta rasit sama da abin da na kawo mu raba. Abokaina sun ce haka kasuwa take. Malam, wanne ne laifi, wanne ne dabara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Abubuwan da ka jero ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma abokanka ba su kyauta maka ba da suka dunƙule su wuri guda suka ce haka kasuwa take. Akwai halal a cikinsu, akwai kuma wanda zai iya kai mutum kabari. Abin da nake gaya wa masu ƙananan sana'o'i in sun zo neman shawara shi ne su dubi ribar su tambayi kansu: da wanda nake ciniki da shi ya san abin da na sani game da kayan nan, zai yarda ya biya wannan kuɗin? In zai yarda, ci abinka da daɗi. In kuwa ribar ba ta tsayawa sai da rashin saninsa, to kuɗinsa ka ɗauka.

Bari in fara da wake, don shi ne ba ya jiran gobe. Fiya-fiya da dangoginsa suna ɗauke da sinadarin diklobos, wanda guba ce mai taɓa jijiyoyi, an yi shi ne don kashe ƙwari, ba don a zuba shi kan abin da za a dafa ba. Matar da ta auni tiya ɗaya ta yi wa yara alale ba ta san an yi masa wanka da shi ba, kuma wankewa da dafawa ba su ba da tabbacin ya fita duka. Wannan abin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015, bayan an yi ta samun sinadarin fiye da kima a cikinsa. A 2019 kuma hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta sanar da hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni da kantuna. Abin takaicin shi ne sa wa wake maganin ba ma dole ba ne. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, in wake ya bushe sosai aka zuba aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki suna cinye 'yar iskar da ta rage su mutu da kansu, ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko duro mai murfi da ke toshewa sosai ma haka suke aiki in an cika su maƙil. Kai da kake Zariya ba ka da uzuri a nan: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda wake da masara da dawa ke cikin amfanin gonar da aka ɗora mata, tana nan kusa da kai, ga kuma malaman gona na Jami'ar Ahmadu Bello. Ka je ka tambaya. Buhun ya fi na gargajiya tsada, amma ana sake amfani da shi matuƙar bai huje ba.

Maganar bakin buhu kuwa tsohuwa ce, har Manzon Allah (SAW) ya tarar da ita a kasuwa. Muslim ya ruwaito cewa ya wuce wani tarin abinci, ya sa hannunsa ciki sai yatsunsa suka ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ka lura, bai hana shi sayar da jiƙaƙƙen ba. Ɓoyewar ya hana. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure a cikin birni ya karanta Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya wuce babin ciniki, ya ji an lissafa ɓoye aibi da cakuɗa mummuna da mai kyau cikin abubuwan da ba su halatta ba. Saboda haka in kana da masara mai tsakuwa ko wake da ya fara huda, ware shi, faɗi aibinsa, sa masa kuɗinsa. Akwai masu kiwon kaji da masu neman mai sauƙi da za su saya da idonsu a buɗe. Sai dai masarar da aka ɗura a buhu da ɗanyenta lokacin kaka, ta yi fumfuna, wannan ko an faɗa bai kamata ta shiga cikin mutum ba, don tana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma ko kaji tana yi musu illa.

Mudu biyu ba ya buƙatar dogon bayani. Farkon Suratul Muɗaffifina kamar da 'yan layinku take magana: in za su auna daga wurin mutane su cika, in za su auna musu su tauye. Maƙwabtanka Kiristoci a Sabon Gari ma suna da irin wannan a Littafinsu Mai Tsarki, Karin Magana 11:1, inda aka ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus. Dokar ƙasa ta awo da ma'auni ita ma ta haramta. Abin da nake so ka gani shi ne ƙanƙantar abin da ake sayar da mutunci a kansa. A ce buhu yana ɗaukar tiya 40, mutum ya bubbuge gindin mudunsa yana rage kashi ɗaya cikin ashirin. Tiya biyu ya samu a buhu. To mai tuwo-tuwo da ke saye kullum ta san adadin malmalar da tiya ke ba ta, ɗalibin Samaru da ke ƙirga kwanakin da wakensa zai kai shi ma ya sani. Ba sa zuwa su yi faɗa. Shago kawai suke sakewa.

Yanzu ga wanda mutane suka fi ruɗewa a kansa, wato tara kaya. Nan ba zan ce maka laifi ne kai tsaye ba, domin da babu masu saye da kaka su ajiye, da ba a samu hatsi a kasuwa ba a watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbun manomi ya yi ƙasa. Wanda ya sayi masara a Nuwamba tana araha, ya biya kuɗin sito da dako, ya ɗauki kasadar ƙwari da ɓera da faɗuwar farashi, ya fitar da ita da damina, aiki ya yi wa jama'a, ribarsa kuma halal ce. Har manomi ya amfana da shi, don da ba shi, farashin kaka sai ya fi haka karyewa. Abin da hadisin Muslim ya kira mai yin sa mai zunubi shi ne ɓoye kaya, kuma malaman Malikiyya sun ɗaure hukuncin da cutarwa: a shiga kasuwa ana cikin ƙarancin abinci a kwashe abin da ke akwai, a kulle sito mutane suna nema, don farashi ya ƙara hawa. Iyakar da ke tsakanin biyun ba kullum take a fili ba, amma mai sito ya san lokacin da yake jiran kasuwa da lokacin da yake jiran yunwa ta ƙara tsanani. Wani abin da ya fi wannan yawa, kuma ba a cika ɗaukarsa laifi ba, shi ne 'yan layi su haɗa baki su yanke farashi ɗaya, duk wanda ya sauke a ci shi tara. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana irin wannan haɗin bakin, kamar yadda ta hana yaudarar mai saye a kan ingancin kaya. Ƙungiya tana da amfaninta wajen tsaro da sasanta rigima, amma farashin kayanka kai za ka yanke.

Sai mai kula da siton makarantar da rasit ɗinsa. Kada ka bari ya kira maka shi na goro ko alheri. Bukhari da Muslim sun kawo labarin wani da Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai aka ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta zo masa. Shi mai siton nan ma ba kyauta yake nema ba, so yake ka sa hannu a kan ƙarya. In ka kawo buhu 20 ka rubuta 25, kuɗin biyar ɗin daga kwanon yara ya fita, ko daga aljihun iyayensu. Ka kuma duba wanda sunansa ke jikin takardar. Ranar da aka zo bincike, rasit ɗinka ne, rubutunka ne, shi kuwa zai ce abin da aka kawo masa ya shigar. In makarantar ta gwamnati ce, maganar tana iya kaiwa ga hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci, wadda aka kafa a 2000 don irin wannan. Kuma wanda ya raba da kai sau ɗaya ya riƙe ka, gobe kasonsa zai ƙaru, ba ka da bakin ƙi. Abin da zan ba ka shawara shi ne ka rubuta farashinka na gaskiya ka kai wa shugaban makarantar ko mai ita da hannunka, ka nemi a riƙa ƙirga kaya gaban mutum biyu, a biya ka ta banki. Ba sai ka tona kowa ba. In an karɓa, madalla. In an ƙi, ka san irin gidan da ka kusa shiga. Zai yiwu ƙwarai ka rasa wannan cinikin, ba zan ɓoye maka ba.

Haka nan ba zan yi maka alkawarin cewa mai gaskiya yana fin kowa riba a shekarar farko ba. Sau da yawa ba ya fi. Mai tauye mudu zai iya karya farashi fiye da kai, kuma mai wucewa da ba zai dawo ba wurinsa zai tsaya. Kai ba da waɗannan za ka rayu ba. Nemi masu dawowa: masu gidajen abinci na Tudun Wada da Kongo, masu ƙosai da alale, gidajen ma'aikata da ke awon wata, masu haɗa abincin kaji. Su cikar mudu da tsabtar kaya suke lissafi, don da su suke fitar da tasu ribar. Ajiye sikeli a shago, ka bar mai saye ya zuba abin da ka auna masa ya gani. Zazzage buhu a gabansa in ya nema. Ka gaya masa wakenka ba magani, ka nuna masa ledar da ya fito ciki. Kuma ka rage rantsuwa, don hadisi ya ce tana sa kaya su shige amma tana shafe albarka. Ban da haka ma, mutanen kasuwa sun daɗe da gane cewa wanda ya fi yawan wallahi shi ya fi buƙatar a bincika buhunsa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, wanda a ganina ya fi rasit ɗin nan kusa da jefa ka cikin cin amana: kuɗin kawunka. Ka ce ya ba ka jari. Bashi ne, kyauta ce, ko kuwa juyawa za ka yi ku raba riba? Yawancin rigimar 'yan'uwa a kan kasuwanci daga nan take tashi, kowa da abin da ya fahimta a ransa, kunya ta hana a faɗa. In bashi ne, uwar kuɗin kawai za ka mayar, ko ka ci riba ko ka faɗi, kuma aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, umarni take a rubuta bashi. In kuwa ƙiradi ne, wato ka juya kuɗin ku raba riba, to ribar da kaso ake raba ta, rabi ko sulusi ko yadda kuka shirya, ba a yanke wani adadi a ce kowane wata sai ka kawo shi. In aka faɗi ba da sakacinka ba, asarar kuɗi tasa ce, kai wahalarka ce ta tafi. A wannan halin kuɗin da ke cikin aljihun tebur ba naka ba ne kai kaɗai, ba za ka ɗiba ka yi anko ko ka ba aboki rance ba tare da ka rubuta ba. Sayi littafi, shigar da abin da ya shigo da abin da ya fita kullum, ka ware asusun shago daga naka.

Haka yaron shago in kana da shi, ko da ɗan yayarka ne. Ku yi magana a kan abin da za ka riƙa ba shi da lokacin biya, da abin da zai samu ranar sallama in yaron gida ne mai koyon kasuwa, tun kafin ya fara ɗaukar buhu. Ka samu kawun naka cikin makon nan, ku zauna da shaidu biyu daga dangi, a rubuta ko nawa ya bayar, a kan wane sharaɗi, da watan da za ku riƙa zaman lissafi, kowa ya riƙe kwafi.