Asalin Olamfik a tsohuwar Girka

Malam, kan tambayarka ko don neman kuɗi Girkawa suka ƙirƙiro Olamfik, a'a wallahi, asali bikin bautar gunkinsu Zeus ne a wani waje da ake kira Olimfiya, duk shekara huɗu ake taruwa. Lissafinsu ya fara daga 776 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma lokacin tsere ɗaya tal ake yi, gudun kusan mita 192, wani mai dafa abinci Koroibos shi ya cinye. Kyautar fa? Kambun ganyen zaitun a ka, ko sisi babu, sai ka koma garinku ne a yi maka sha tara ta arziki. Kokawa da dambe ma sai daga baya aka ƙaro su.