Ku Tambayi Anti: Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Hazo Ya Washe

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Maigidana ya yi ritaya bana, yara suka haɗa kuɗi za su tura mu shaƙatawa a jirgin ruwa a watan Janairu, kwana 7, daga Dubai. Ejan kamfanin tafiye-tafiyen ya ce kuɗi ɗaya za mu biya, har tikitin jirgin sama, wai komai na ciki. Da gaske ne? Ni fa ko kwalekwale ban taɓa shiga ba.
Daga Maman Abba, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaran nan albarka, ya ba su masu yi musu.

Sun iya zaɓen lokaci. Daga Nuwamba zuwa Maris zafin ƙasashen Larabawa yake lafawa, shi ya sa manyan jirage irin na kamfanin MSC suka saba yin hunturu a can. Jirgi yakan tashi daga Dubai, ya ratsa Abu Dabi da tsibirin Sir Bani Yas da Doha. Yawanci da dare ake tafiya, gari na wayewa ki gan ki a wata tashar.

Amma wannan "komai na ciki", a tsaya a kansa. Ki tambayi ejan daga ina tikitin saman ya fara. Na tabbata Abuja zai ce ko Legas, ba filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua ba. Ke nan daga Katsina zuwa can a wuyanku yake, ga shi Janairu tsakiyar hazo. Ni ganau ce. Wani hunturu na baro Daura da asuba zuwa Kano don in hau jirgin Abuja, muka zauna tun hantsi har la'asar ana ta ba mu haƙuri, daga ƙarshe aka ce jirgi ba zai iya sauka ba. A mota na ƙarasa, biki ya riga ya watse. Biki ne, an yafe mini. Jirgin ruwa kuwa lokacinsa na cika yake ɗaga anga. Idan jirgin saman da kamfani ya yankar muku ne ya makara, yawanci su za su san yadda suka yi da ku, kuma amfanin haɗa kuɗin ke nan. Idan naku na gida ne ya saɓa, kuɗin yara sun bi ruwa. Don haka ku isa Abuja da kwana biyu a hannu, a kuma nemi ejan ya saukar da ku Dubai ana gobe tashi, ko da za a ƙara kuɗin otal.

Sai biza. Jirgin ruwan zai fita daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, ya shiga Ƙatar, inda Doha take, ya sake dawowa, saboda haka bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba. Ejan ya rubuta muku a takarda wace biza kowace ƙasa take so ga mai fasfon Najeriya, da wanda zai biya. Fasfo ya kasance da sauran wata 6 bayan dawowarku, ku riƙe katin allurar shawara.

Ɗaki da abinci suna ciki. Lemo, intanet, yawon gari in an sauka, da kuɗin hidimar ma'aikata da ake lissafa wa kowane mutum kullum, sau da yawa daban ake biya, kuma ba da naira ba. Ɗaki mafi araha ba shi da taga. In da hali a ɗan ƙara, don Alhaji ya ga fitowar alfijir. Akwai giya da naman alade a jirgin, sai ki riƙa tambaya, kifi dai ba ya yankewa. Ni da garin yajina nake tafiya. Alƙibla kuma tana sauyawa in jirgi ya juya, a duba kafin kowace salla.

Batun tsoro, Hajiya, wannan ba kwalekwale ba ne, bene ne mai hawa sama da goma yana tafiya a kan ruwa. In kina gudun hajijiya, a nema muku ɗaki a tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, nan ne ba a cika jin tangaɗi ba, ki riƙe 'yar citta a jaka. Rigar sanyin da kike sawa da asuba a Katsina ma ki saka ta a akwati, iskar teku da dare tana ratsa mayafi.