Amsa ga Alhajin da masu sayar da mota suke yi wa hanya-hanya

Assalamu alaikum. Alhaji, na karanta bayaninka a tsanake, kuma ga yadda na fahimce shi. Ka ba wani kamfanin sayar da motoci a Abuja kafin alƙalami mai tsoka domin a kawo maka sabuwar motar tsere ƙirar Jamus, aka yi maka alkawarin wata biyu, ga shi ana cikin na biyar. Yaron da ya yi ta rawar jiki a kanka ranar ciniki ya daina ɗaga waya. Motar ta iso daga baya, amma kujerunta ba launin da ka zaɓa ba ne, sannan ana neman ka yi ƙari wai dala ta tashi. Kana tambaya ko ka haƙura ka karɓa, ko ka tayar da jijiyar wuya.

Na daɗe ina kula da sayen motoci a wani kamfanin gine-gine a nan Kaduna, har da motocin hawa na maigidan, wanda Allah ya jarabce shi da son irin waɗannan ƙananan motoci masu gudu. Shawarata ita ce kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna. Kada ka cika ragowar kuɗin, kuma kada ka karɓi makulli. Muddin cikon yana hannunka, motar kuma tana zaune a harabarsu ta danne musu jari, su ne masu bukatar a gama magana. Ranar da ka sa hannu a takardar karɓa, ka fito da ita bakin titi, duk wani aibin da ka gano daga baya sai ka yi rantsuwa kafin a yarda ba kai ka jawo shi ba.

Ka fara da duba takardar da suka ba ka ranar da ka biya. Yawancinmu a nan Arewa muna yin cinikin miliyoyi da fatar baki, saboda wane ne ya haɗa mu, ko don muna jin nauyin cewa babban mutum ya rubuta abin da ya faɗa. Masu sayar da motocin sun san wannan hali namu sarai. Idan takardar ta ambaci launin kujeru, da ranar kawowa, da cikakken farashi a naira, to magana ta ƙare, domin abin da suka kawo ba shi aka yi ciniki a kai ba. Idan rasit ne kawai mai layi ɗaya, ba a rasa hujja ba. Ka tattara saƙonnin WhatsApp da kuka yi, da hoton samfurin da ya turo maka, da shaidar tura kuɗi ta banki, ka buga su a takarda. Ka lura da asusun da kuɗin ya shiga, na kamfanin ne ko na yaron da ya karɓe ka, domin wannan ne zai nuna wanda za ka riƙe.

Abin da ya fi launin kujeru muhimmanci, ko da yake ba ka yi tambaya a kansa ba, shi ne wa zai tsaya wa garantin motar. Masu sayar da sababbin motocin alfarma a ƙasar nan iri biyu ne. Akwai wakilan da kamfanin ƙera motar ya amince da su, kamar yadda Weststar yake wakiltar Mercedes-Benz, Coscharis kuma BMW. Akwai kuma 'yan kasuwa masu zaman kansu da suke sayo mota a Dubai ko Amurka su kawo, su jera a ɗaki mai gilashi da sanyin na'ura. Motarsu tana iya zama sabuwa dal, ba wanda ya taɓa hawa, amma an ƙera ta ne domin wata kasuwar. Garantin shekara 4 ko mil 50,000 da BMW da Mercedes-Benz da Porsche suke bayarwa a Amurka an tsara shi ne domin masu saye a can, kuma bai zama dole wakilin da ke Legas ya gyara maka ita kyauta ba. Saboda haka ka ce su rubuta maka sunan garejin da zai karɓi motar idan ta sami matsala, da wanda zai biya, sannan ka kira garejin da kanka ka ji ko sun san da wannan magana.

Ka nemi lambar jikin motar, wadda makanikai suke kira lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, ana ganinsu a ƙasan gilashin gaba da kuma jikin ƙofar direba. Lambar motocin da aka ƙera a Jamus tana farawa da W, misali WP0 na Porsche, WBA ko WBS na BMW. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, harafi na goma shi ke nuna shekara: P na 2023, R na 2024, S na 2025. Da wannan lamba wakilin kamfanin zai iya fitar da jerin duk abin da aka sa wa motar a masana'anta, har da launin fata da zaren ɗinkin kujera. A nan ne za ka gane ko motar da ka yi oda ce aka yi kuskure a kanta, ko kuwa wata ce da ta daɗe a ajiye a wani wuri aka lallaɓo maka da ita. A abin da na saba gani, na biyun ya fi yawa, kuma shi ne yakan bayyana dalilin gobe-jibin da aka yi ta yi maka. Lambar dole ta zo daidai da wadda ke kan takardun kwastan, harafi da harafi. Tun daga 2022 hukumar kwastan take kimanta harajin mota da wannan lamba, kuma motar da ba a biya mata cikakken haraji ba ana iya tsare ta a hanya ko da shekara ta zagayo. A lokacin mai motar ake nema, ba wanda ya sayar ba.

Ranar dubawa ka je da rana tsaka, ka sa a fito da motar waje, domin fitilun ɗakin baje koli suna ɓoye karce. Ka tafi da wanda ya san aikin, yana riƙe da kwamfutar binciken mota da ɗan ma'aunin kaurin fenti. Inda aka sake fesa fenti, ma'aunin zai nuna kauri fiye da sauran jiki, kuma motocin nan suna yawan samun rauni a bamba wajen sauke su daga jirgi a tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas ko ɗora su a kan tirela. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, waɗanda suke nuna mako da shekarar da aka yi ta. 1223 na nufin mako na 12 a 2023. Ka tambayi lafiyar batir, domin motar da ta yi watanni a tsaye batirinta yakan yi rauni, kuma kwamfutocin cikinta ba sa jure haka. Akwai wani abu kuma da mutane ba su cika sani ba. Masana'anta takan cusa wasu robobi masu tauri a ƙafafun motar domin kada ta riƙa lilo a cikin jirgi, kuma aikin mai sayarwa ne ya cire su kafin ya miƙa makulli. An taɓa kawo mana wata daga Abuja tana dukan hanya kamar amalanke, muka yi ƙorafi, aka ce titunan Kaduna ne ba su da kyau. Wani dattijon makanike a Panteka ne ya ɗaga ta, ya leƙa, ya zaro robobin da hannunsa. Wurin da ya manta da wannan, to bai yi wa motar binciken kafin miƙawa ba sam, kome yawan tambarin da ya buga a takarda.

Maganar dala kuwa, gaskiya ne cewa tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023 masu shigo da kaya sun sha wuya, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Amma abin tambaya shi ne yaushe suka sayi dalar motarka. Idan sun karɓi kuɗinka tun wata biyar da suka wuce, ya kamata a ce sun canza shi a lokacin. Jinkirin nasu ne, bai kamata a ɗora maka kuɗinsa ba. In har an rubuta cewa cikon zai bi farashin ranar biya, sai a lissafa shi a kan cikon kaɗai, kuma a kan ranar da suka yi alkawarin kawowa.

Ka daina bin yaron nan da waya. La'adarsa yake nema, kuma ba shi da ikon rage ko kwabo. Ka rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya zuwa ga shugaban kamfanin, babu zagi babu barazana, ka jera ranar biya, da abin da aka yi alkawari, da abin da aka kawo, sannan ka faɗi abin da kake so ƙarara: ko a kawo wadda ka yi oda a rana kaza, ko a rage maka kaza ka karɓi wannan, ko a mayar maka da kuɗinka. Ka ba su mako biyu. Ka sa a kai da hannu, a buga maka tambarin karɓa a kan kwafinka. Idan wakilin kamfanin ƙera motar ne na gaskiya, ka aika kwafi zuwa ofishin kamfanin mai kula da yankin, domin suna auna wakilansu da irin waɗannan koke-koke. Wanda ya haɗa ku ma ka sanar da shi, cikin mutunci, amma kada ka bari a mayar da zancen zaman sulhu na "a yi haƙuri, ana tare" ba tare da an rubuta kome ba.

Idan wa'adin ya cika shiru, akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma tana karɓar koke ta intanet. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su cika ingancin da ya dace ba a cikin wata 3 da karɓa, a gyara, ko a canza, ko a mayar da kuɗi, kuma rubuta "ba a mayar da kuɗi" a ƙasan rasit ba ya soke wannan haƙƙi. Ko a fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya sami aibin da aka ɓoye masa, don haka kada wani ya sa ka ji kamar ka yi rashin dattako. A ciniki mai nauyin wannan, kuɗin lauyan da zai rubuta wasiƙa ta biyu ba kome ba ne. Abin da ban ba da shawara ba shi ne kai maganar wurin 'yan sanda, sai fa in ta tabbata damfara ce tsagwaronta. Saɓanin ciniki ba hurumin caji ofis ba ne, kuma yakan ƙara dagula lissafi. Tona asiri a Facebook ma ka ajiye shi a gefe, domin da zarar ka yi, ba su da sauran abin da suke tsoron rasawa.

A ƙarshe dai kai za ka zauna da motar a Kaduna, su kuma suna Abuja, don haka ka shigar da wannan cikin cinikin tun yanzu. Irin waɗannan injuna an yi su ne domin fetur mai ƙarfin oktan 95 zuwa 98, alhali gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa, ba tare da an rubuta ƙarfinsa a jikin famfo ba. Ka tambaye su a rubuce ko matsalar da mai ya jawo tana cikin garanti. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da wuri, kuma cikin motar yana kusa da ƙasa ƙwarai, ta yadda tudun rage gudu na cikin Malali ko Unguwar Rimi ya isa ya fasa mata leɓen gaba idan ba ta da na'urar ɗaga hanci. Ka duba ko tana cikin abin da ka biya. Sannan ka nemi a rubuta wa zai ɗauki nauyin kai ta gareji a kan motar ɗaukar mota idan ta tsaya, tsawon wane lokaci kayan gyara suke ɗauka kafin su iso, da ko za a ba ka wata ka riƙa hawa kafin nan. Idan sun amsa waɗannan a rubuce, suka kuma yi ragi mai ma'ana saboda kujerun, ni a ganina ka karɓa, tunda sake oda zai iya cin wasu watannin. Idan suka ƙi rubuta ko ɗaya, ka nemi kuɗinka, kuma ka sa a ambaci ranar da zai shiga asusunka a cikin takardar janye cinikin.