Amsa ga mai tambaya kan renon tumatir da tattasai a kokopit da ƙasa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka kuma na duba hotunan da ka turo da kyau. Ka ce ka raba irinka gida biyu, rabi ka shuka a tire mai ramuka na renon iri da kokopit, wato garin ɓawon kwakwa, rabi a ledar fiya wata da ƙasar bayan gida, na kokopit ɗin suka riga fitowa har kana murna, amma da suka yi kamar sati biyu sai suka tsaya cak, ganye ya ɗashe ya koma ruwan ɗorawa, wasu kuma suka karye daga wuya suka kwanta, alhali na ƙasa da suka makara su ne yanzu kore shar. Shi ne kake tambaya ko ka zubar da kokopit ɗin ka koma ƙasa gaba ɗaya.

Kar ka zubar tukuna. Abin da ya same ka shi ne ka riƙe kokopit kamar yadda ake riƙe ƙasa, shi kuwa ba ƙasa ba ne, ko kusa. Garin ɓawon kwakwa ne da aka niƙa aka busar aka danne ya zama bulo, mafi yawan wanda ke kasuwa daga Indiya da Siri Lanka ake kawo shi, akwai kuma wanda ake yi a nan kudu wajen Legas inda kwakwa take. Babu abinci a cikinsa da zai riƙe shuka. Aikinsa kawai ya riƙe ruwa ya riƙe iska ya ba saiwa wurin tafiya. Ƙwayar tumatir tana zuwa da ɗan guzurinta a ciki, da shi take fitowa ta buɗe kunnuwan nan biyu na farko, to daga lokacin da ganyen gaskiya mai tsaga-tsaga ya fara leƙowa guzurin ya ƙare, sai abin da saiwa ta samo. Na ƙasa sun tarar da ɗan taki a wurin, na kokopit sun tarar da wayam. Kaga kuwa dole su tsaya. Yunwa ce wallahi, kuma hotonka na biyu ya nuna ta ƙarara, duba yadda tsofaffin ganyen ƙasa suka fara ɗashewa kafin na sama, ga bayan ganyen ya ɗan yi shuni-shuni, wannan ko ƙarancin fosfaras ne ko sanyin dare ko duka biyun a haɗe.

Amma kafin maganar taki akwai abin da nake zargin ba ka yi ba, don ba ka ambata ba, wato wanki. Bulon kilo 5 in ka jiƙa shi yana kumbura ya ba ka wajen lita 60 zuwa 70, ya cika baho, mutum yana ganin ya yi laushi ya yi kyau sai ya ɗauka shi ke nan a zuba a tire. Ɓawon kwakwa yana ɗauke da gishiri, sodiyam da fotasiyam da yawa, musamman wanda bai sha wanki sosai daga kamfani ba, kuma mai araha galibi irinsa ne. Gishirin nan shi ke ƙona bakin ganye, shi ke sa saiwa ta ƙi sauka. Yadda nake yi, ina jiƙa shi ya kwana, in juye a buhu mai ɓula ko kwando, in riƙa kwara ruwa mai kyau ina matsewa, ruwan farko zai fito ja kamar shayi, in ci gaba har sai ya fara fitowa garai. In kana da mitar EC, wato na'urar auna yawan gishiri a ruwa, sai ka auna ruwan da ya tsiyayo, ka so ya sauko ƙasa da 1, in ya kai 0.5 ya fi. In babu mita to ka yawaita wankin, ba a yin asara da shi.

Bayan wanki akwai mataki na biyu da mutane da yawa ba su ma taɓa jin sa ba. Kokopit yana da halin kama kalsiyam da maganiziyam ya riƙe, ya saki fotasiyam da sodiyam a madadinsu. Ma'ana ko ka ba da taki mai kalsiyam, shi ne zai fara sha kafin shukar ta samu. Shi ya sa ake jiƙa shi a ruwan kalsiyam naitiret, wani taki mai kalsiyam da ke narkewa a ruwa, tun kafin shuka, a ƙosar da shi tukuna. Ni giram 1 nake sawa a kowace litar ruwa, in nutsar da shi ya kwana, washegari in tsiyaye in ɗauraye sau ɗaya. Wani buhun za ka ga an rubuta an riga an yi masa wannan daga kamfani, ya fi tsada amma ya rage maka aiki. Sabon ganyen da na ga ya murɗe a tirenka na gefen dama, ina kyautata zaton daga nan ne.

Toh yanzu me za ka yi da waɗanda suke tire a halin yanzu. Waɗanda suka kwanta ka cire su da kokopit ɗin ramin duka ka kai nesa, ba sa tashi. Sauran ka shayar da tiren da ruwa zalla har ya zubo ta ƙasa sosai, wannan zai rage gishirin. Washegari ka fara ba su abinci. Dan Allah kar ka ɗebi NPK 15-15-15 na buhu mai ƙwaya-ƙwaya ka barbaɗa a tire, ramin ya yi ƙanƙanta, ƙwaya biyu ma sun isa su ƙone tsiron. Ka je shagon masu kayan noma ka ce a ba ka takin da ke narkewa a ruwa, 19-19-19 ko 20-20-20, gari ne. Ka fara da rabin giram a lita, in suka amsa bayan wasu kwanaki ka kai giram 1. Kalsiyam naitiret ɗin kuma ka ba shi ranarsa daban, kar ka kwaɓa su tare da kauri a roba ɗaya, kalsiyam yana haɗuwa da fosfet ya zama farin gari ya kwanta a gindin robar, ka yi asarar duka biyun. Ni nakan yi yau wannan, gobe ruwa zalla, jibi wancan. Sikelin nan ƙarami na masu zinare da ake sayarwa a kasuwa ya ishe ka awo, ka daina auna taki da ido ko da cokali a wannan matakin. In sha Allah cikin sati ɗaya za ka ga sabon ganye ya fito kore, tsohon da ya ɗashe ba lallai ya dawo ba, kar ya dame ka, kai dai ka riƙa kallon na sama.

Maganar karyewar wuya kuma daban take, wannan ba yunwa ba ce, ruɓewa ce. Ƙwayoyin cuta ne irin su Pythium da Rhizoctonia, suna son wuri mai laima da rashin iska, sai su ci gindin tsiron daidai inda ya haɗu da kokopit, wurin ya sirance ya yi baƙi-baƙi kamar an matse da farce, da safe ka tarar ya faɗi alhali ganyensa kore. Kuma abin da ke kawo su yawan ruwa ne. Kokopit yana yaudarar ido, samansa zai yi fari-fari kamar ya bushe amma in ka tura yatsa ciki jiƙe yake sharkaf. Ka ce safe da rana da yamma kake ban ruwa, ya yi yawa ƙanena, musamman yanzu da sanyi ya fara shigowa. Ka riƙa ɗaga tiren da hannu, in ya yi nauyi ka ƙyale shi, in ya yi sakayau ka ba shi. Da safe za ka ba da ruwa, don kafin dare saman ya sha iska. Lokacin zafin Maris da Afrilu ne kaɗai nake ƙarawa da na la'asar, saboda ramin tire mai ramuka 200 ɗan mitsitsi ne, rana ɗaya tana iya busar da shi. Sannan na ga tirenka a kan siminti yake zaune kai tsaye, ka ɗaga shi a kan bulo da katako ko waya, ruwa ya samu hanyar fita, iska ta riƙa bi ta ƙasa, hakan ma yana hana saiwa fitowa ta ɓular ta kama ƙasa, sai ta tsaya ciki ta yi dunƙule mai kyau.

Wani abu, tsayin da suka yi siriri suna karkata gefe ɗaya, haske ne bai ishe su ba. A ƙarƙashin rumfar kwano ka ajiye su ko? Inuwa ana buƙatarta ne kafin su fito kawai. Da zarar kan tsiro ya ɓullo a fitar da shi inda rana take, in ta yi zafi a sa masa raga a sama. Ragar ma tana da wani amfanin da ya fi inuwa, in mai ƙananan ido ce sosai kuma ta rufe ko'ina tana tare farin ƙuda, shi ne ke ɗauko cutar nan da ke nannaɗe ganyen tumatir ya tsuke ya ƙi girma, kuma in ya kama tun a reno sai bayan dashe za ka gane, lokacin ka riga ka kashe kuɗin gyaran gona.  Ka tuna kuma da tsutsar Tuta absoluta da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016, ita ma tun daga reno take iya shiga.

Tattasai da attaruhu ka ƙara musu haƙuri. Tumatir yana fitowa cikin kwana 4 zuwa 8, su kuwa sai su kai sati biyu, in hunturu ya yi ƙarfi ma su wuce, don suna son ɗumi. Ramukan da ka ce babu komai kar ka tone su tukuna. Kuma zurfin shuka kar ya wuce santimita 1.

Yanzu ga ainihin tambayar, wanne ya fi. Ni ra'ayina ya danganta da irin da ka saya da kuma lokacin da kake da shi. Manoman Kadawa da Kura da Bunkure shekaru da yawa a fangali suke reno, a yayyafa irin tumatir na Roma ko UC82B a rufa da ciyawa, kuma suna cika motoci zuwa Legas. Irin yana da araha, in kashi ɗaya cikin uku ya mutu ba wanda zai yi kuka. Amma in ka sayi haibirid, wato ingantaccen iri na aure, ɗan ƙaramin sacet da kuɗi mai yawa, giram ɗaya ƙwaya wajen 300 ce kawai kuma kowace ƙwaya kuɗi ce, to yayyafi a ƙasa ɓarna ne. A tire ƙwaya ɗaya rami ɗaya, ranar dashe ka zaro shi da dunƙulensa saiwa ba ta tsinke ba, ka dasa da yamma washegari ka tarar da shi a tsaye kamar ba a taɓa shi ba. Na fangali kuwa fizgo shi ake, sai ya yi kwanaki yana yaushi kafin ya farfaɗo. Ga shi ƙasa tana zuwa da nata matsalolin da ba ka gani ba tukuna, irin ciyawa, tsutsar saiwa da ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, da ita kanta cutar ruɓewar wuyan. Shi ya sa tsofaffi suke tara kara su ƙona a kan wurin reno kafin shuka, ba don banza suke yi ba.

Abin da ƙasa ta fi shi da shi, tana yafiya. Ka manta taki, ka makara da ruwa, ta rufa maka asiri. Kokopit ba ya yin wannan, komai sai ka ba shi da hannunka a kan lokaci. Don haka ga mai farawa wanda kuma yake da wani aikin da yake fita, abin da nake ba da shawara shi ne gauraye. Kokopit wankakke kashi biyu, ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe kashi ɗaya, ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa kashi ɗaya. Takin ya zama wanda ya ruɓe sosai ya yi baƙi ba ya wari ba ya zafi, ɗanyen kashin kaji kisa ne ga tsiro, kar ka kusance shi. In za ka iya ka turara takin a rabin duro kamar yadda ake turara dambu, ya yi zafi sosai ya huce kafin ka gauraya, zai kashe irin ciyawa da cututtukan ciki. Da wannan haɗin ko ka yi kwana biyu ba ka ba da takin ruwa ba ba za su ɗashe ba, kuma bulo ɗaya zai yi maka tire da yawa.

Ruwan da kake amfani da shi ma ka lura. Wasu rijiyoyin burtsatse ruwansu yana da kanwa-kanwa, in ka ga farin abu yana taruwa a bakin ramukan tire to alama ce. Shuka a kokopit ta fi son pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa, tsakanin 5.5 da 6.5, in ya haura sosai taki yana nan amma saiwa ba ta iya ɗauka. In kana da ruwan sama da ka tara ya fi dacewa da reno.

Tumatir ɗinka in ya farfaɗo, da ya yi ganyen gaskiya 4 zuwa 5 ya isa dashe, a ƙa'ida sati uku zuwa huɗu ne amma naka zai ɗan ƙara tunda ya yi tsaiko, tattasai kuma sati biyar zuwa shida. Satin ƙarshe ka rage ruwa ka cire ragar sama su saba da rana, ranar dashe ka jiƙa tiren sosai tukuna kafin ka zaro. Na ledar fiya watan ma ka duba ko ka huda gindinsu, na ga guda biyu kamar ruwa ya kwanta a ciki. Ka sake turo hoto bayan sati ɗaya da fara takin, ka ɗauki sabon ganyen kusa-kusa, sannan ka zaro ɗaya daga rami ka ɗauko min saiwar in gani, fara ce ko ta yi ruwan ƙasa. Allah ya sa albarka a noman.