Jikin manomi da maganin feshi: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙun wannan karon sun fi yawa a kan jikin mai noman, ba a kan shukar ba.

Wani ya ce ranar farko ta huɗa lafiya lau ya baro gona, sai bayan kwana biyu cinyoyi da gadon baya suka riƙe, ko sunkuyo ya gagara. Malam, wannan ba cuta ba ce. Tsokar da ta yi watanni tana hutu, in aka danƙara mata aiki lokaci guda, zaren da ke cikinta kan ɗan tsattsage, tsamin kuma ya fi tsanani tsakanin kwana 1 zuwa 3. Da ta warke za ta fi da ƙarfi. Ci gaba da aiki kaɗan-kaɗan, ka daina jibgar ƙwayoyin kashe ciwo.

Mai fama da ƙullewar sha-raɓa da tsakar rana: miƙe ƙafar, ka jawo yatsun zuwa wajenka, ka koma inuwa ka sha ruwa.

Wasiƙar da ta tayar min da hankali ita ce wannan: "Na yi wa masara feshi saboda tsutsa, na ƙara awon maganin don ta mutu da wuri. Da yamma sai damtsena da fatar idona suka riƙa rawa su kaɗai, ga gumi, ga yawu, ƙafafuna ba ƙarfi. Gajiya ce?"

Ɗan'uwa, ba gajiya ba ce, guba ce ta shige ka. In har yanzu kana jin wani abu daga cikin waɗannan alamun, bar karatun nan ka nufi asibiti da kwalbar a hannunka.

Sau nawa zan faɗa cewa ƙara awo ba ya ƙara wa magani kyau? Kuɗinka kake zubarwa, jikinka kuma kake ci. Bari in bayyana yadda abin yake, ko Allah zai sa a ji.

Tsokokin da ke manne da ƙashi a jikin mutum sun haura 600, kuma babu wadda ke motsi sai jijiya ta kawo mata saƙo. A inda bakin jijiyar ya tarar da tsoka, yakan saki wani sinadari, asetilkolin. Da ya taɓa tsokar sai sinadarin kalsiyam ya kwararo a cikinta, zaruruwa iri biyu, aktin da miyosin, su kama juna su ja, tsokar ta tsuke. Haka fartanya ke ɗaguwa. Nan take wani sinadarin, kolinestares, zai zo ya wargaza asetilkolin ɗin, tsokar ta saki ta jira saƙo na gaba.

To, magunguna irin su DDVP da chlorpyrifos da dimethoate, duba jikin kwalbarka za ka ga sunan, aikinsu shi ne ɗaure wannan mai wargazawar. Saƙo ya yi ta taruwa babu mai kwashewa. Ka taɓa tsayawa ka dubi ƙwaro bayan feshi, ya kife a bayansa yana ta shure-shure har ya daina? Abin da ya fara a damtsenka ke nan, domin sinadarin da maganin ke ɗaurewa a jikinsa akwai shi a naka. Tsoka ta fara da rawa, daga baya ta gaji ta saki. Kuma numfashi ma tsoka ce ke jan sa, wata shimfiɗaɗɗiya da ta raba ƙirji da ciki. In ta saki, ga majina ta cika hanyar iska, numfashi ya tsaya.

Ba sai an sha ba. Ta fata yake shiga. Na sha ganin mai feshi goye da famfon da murfinsa ke yoyo, riga ta jiƙe sharkaf tun daga kafaɗa har ƙugu, yana tafe iska na mayar masa da feshin a fuska. Bakin famfo ya toshe, ya cire ya hura da bakinsa. Wallahi abin na ci min rai. Gyara murfin bai kai wahalar kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

In maganin ya kama mutum, a fitar da shi daga gonar, a tuɓe masa kayan, a wanke jikin da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankewar ma ya kare hannunsa. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai. Likita na da allurar atirofin, wadda ake yi wa wanda irin wannan gubar ta shiga, amma tana son a zo da wuri. Kai kuma, kafin ka sake sayen kwalba, shiga gonar ka leƙa kan masarar, ka ga ko ɓarnar ta kai a yi feshi.

Wanda fartanya ta sare shi a ƙafa a gonar da aka zuba taki, yana tambaya ko ya ɗaure kawai: a'a, Baba. Ƙwayar tetanas a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, dafinta kuma kan sandarar da tsoka, ya fara da muƙamuƙi har baki ya ƙi buɗuwa. Wanke raunin sosai, ka je a yi maka allura yau ɗin nan.