Batirin Na'urar Zuciyar Baba: Za Ta Yi Ƙara In Ya Kusa Ƙarewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 8 ke nan da aka sa wa mahaifinmu na'urar daidaita bugun zuciya a Indiya. Tun da ya samu sauƙi muka daina kai shi a duba ta. Yayanmu ya ce ƙara za ta yi idan batirin ya kusa ƙarewa. Haka ne? Kuma batirin kaɗai ake saye, ko sai mun koma Indiya? Daga wata 'yar'uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Ki ce wa Yaya kada ya zauna jiran ƙara. Masu yin ƙara ko girgiza galibi su ne na'urorin da ke ba zuciya shokin idan bugunta ya rikice. Ita fesmeka ta yau da kullum, wato na'urar daidaita bugun zuciya irin ta Baba, yawanci shiru take yi, injin likita kaɗai take gaya wa halin da take ciki.

Batirin nan na litiyam ne, yakan yi shekara 5 zuwa 15, gwargwadon yadda zuciyar ta dogara da shi. Ƙarfinsa a hankali yake raguwa. Idan ya sauka zuwa wani mataki, sai na'urar ta ɗaga alamar da likitoci ke kira ERI, wato lokacin shirin canji ya yi. Kamar babur ne ya shiga rizab: yana tafiya, amma gidan mai ya kamata a nufa. Daga nan akan samu kusan wata 3 kafin a kai matakin da ba a lamunce aikinta ba. Wata 3 kuwa ba yawa ga iyalin da za su haɗa kuɗi su nemi likita.

Yadda ake ganewa, likita zai ɗora kan injin karantawa a ƙirjin Baba, cikin 'yan mintoci ya ga ƙarfin batirin da kiyasin abin da ya rage. Akwai kuma gwajin maganaɗisu, a ɗora shi a kan na'urar a ƙirga bugunta. Ta kamfanin Medtronic, alal misali, tana buga 85 a minti idan batirin lafiya lau, in ya kai matakin canji ta koma 65. Ta Boston Scientific daga 100 take sauka zuwa 85. Wannan aikin asibiti ne, don Allah kada wani ya ciro maganaɗisun sifika ya gwada a gida.

Wani lokaci jiki kan nuna. Wasu na'urorin sukan rufe wasu ayyukansu don tsimin wuta, su tsaya kan bugu iri ɗaya, sai mutum ya fara haki in ya hau tudu, ko kasala, ko jiri. A Jos da tudu bai yi ƙaranci ba, sai a ce ai tsufa ne. Idan har ya suma, a wuce asibiti nan take.

Batun saye: batirin a like yake cikin gwangwanin na'urar, don haka ita gaba ɗaya ake canzawa. Wayoyin da suka shiga zuciya kuwa ana barin su idan gwaji ya nuna suna da kyau. Shi ya sa aikin bai kai na farko nauyi ba: allurar kashe wuri, ƙaramin yanka, kusan awa ɗaya. Abin da aka fi tsaro shi ne ƙwayoyin cuta su shiga wurin. Idan Baba yana shan maganin tsinka jini, a faɗa wa likita tun da wuri, kada a daina shi da ka.

Ni a ganina, Indiya ba ita ce tambayar farko ba. Kowane kamfani da injin karantawarsa, na Medtronic ba ya karanta ta Abbott ko Biotronik. Ku nemo katin da aka ba Baba bayan aiki, sunan kamfani da lambar na'urar suna jiki. Ku kai shi sashen zuciya na asibitin koyarwa da ke Lamingo a wannan makon, ku tambayi inda ake da injin kamfanin, a nan Jos ko a Abuja. In an zo zaɓen sabuwa, wadda za a iya dubawa kusa da gida ta fi mai araha da sai an hau jirgi. Mahaɗar wayoyin yawanci iri ɗaya ce, ana iya sauya kamfani, sai dai ku tambaya ko haɗin zai bari a yi masa hoton MRI nan gaba. A rubuta muku kuɗin na'ura daban, na aiki daban, da na dubawa duk wata 6.